Wa Ke Biyan Kuɗin Fom?

A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa a kan naira miliyan 100, na gwamna miliyan 50. PDP ta sa wa nata na shugaban ƙasa miliyan 40. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne. Mai wannan albashi sai ya fi shekara 277 yana tari, ba ci ba sha, kafin ya sayi takardar APC. Kuma fom ke nan kawai, ba a zo kan daliget da motocin kamfe da 'yan jagaliya ba.

Wannan kuɗi ba sadaka ba ne. Akwai ubangida da ɗan kwangila da suka zuba, suna jiran ranar rantsuwa su fanshe har da riba. Daga ina? Daga kuɗin rufin ajin firamare, da maganin asibitin sha-ka-tafi, da takin manoma. Mai hali ko a jikinsa: ya haƙa burtsatse, ya sa sola, 'ya'yansa na makarantar kuɗi, in ciwo ya taso sai Masar ko Indiya. Talaka ne ke sayen ruwa jarka-jarka a wajen mai kura, a rubuta masa magani ya tafi kyamis da ɗan abin cefanensa.

A 2022 ɗin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa. Yunwa kuwa tana karya farashin ƙuri'a, shi ya sa taliya da sabulu da turmin atamfa ke aiki ranar zaɓe. Kafin a zagi matar da ta karɓa, a tambayi wanda ya mayar da ita haka.

Hukunci ma da sauƙi a sama. A 2018 kotu ta ɗaure tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye, kan karkatar da kuɗin gyaran muhalli sama da naira biliyan ɗaya. A 2022 aka yi masa afuwa.

Don haka in ɗan takara ya zo unguwarku, ku tambaye shi wa ya saya masa fom. In ya ce "ƙungiyoyin magoya baya", ku ce ya faɗi sunayensu. Bayan zaɓe kuma ku bi sawun kwangilolin: dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar rubuta wa ma'aikatar gwamnatin tarayya neman takardun kwangila, kuma kwana bakwai aka ba ta ta amsa.