Kyamarar Akwati Mai Inci 5 da 7: Tsohuwa Mai Daraja

Jama'a, mu matasan zango mun saba ɗaukar hoto da waya, amma da yawa daga hotunan kakanninmu da kyamarar akwati aka ɗauke su, mai ƙafa uku, wadda mai hoto ke lulluɓa da baƙin ƙyalle.

Fim mai inci 5 da 7 ya kusa ninka na 4 da 5 girma, kuma kyamararsa ba ta kai ta 8 da 10 nauyi ba. Akan ɗora fim ɗin kan takarda kai tsaye a wanke hoto, har zaren aikin babbar riga ya fito. Da kusan wannan girma Seydou Keïta ya yi suna a Bamako, inda ya buɗe shagonsa a 1948.

Don haka mu adana hotunan nan kafin danshin damina ya cinye su.