Gini sana'a ce mai rassa: kowane aiki da mai shi

Da zarar damina ta janye, za ka ga tulin yashi da tsakuwa a kasuwannin iyaka irin su Konni, Ɗan Issa da Magarya. Ɗan kasuwa ya samu riba, yana so ya tada shago ko sito. Sai dai da yawanmu mukan damƙa wa mutum guda kuɗi mu ce ya gina, alhali gini sana'o'i ne da dama.

Kafin a haƙa tushe, mai awo ne ke fidda iyakar fili, mai zane kuma ya tsara ɗakuna. Wanda ya tsallake su yana iya cin hanya ko filin maƙwabci, ƙarshenta rusau.

Sannan mai buga bulo. Buhun siminti, na Malbaza ne ko na Sakkwato, kilo 50 ne. Idan aka cika masa yashi don bulo ya yi yawa, bango zai riƙa zuba tun bai shekara ba. Magini, wanda ake kira maso a nan, birkila a tsallaken iyaka, shi ke jera bulo da yaɓe, leburori na kwaɓa masa.

Inda aka fi asara shi ne wajen dakin. Kafinta ke kafa katako, mai ɗaurin rodi ya saƙa ƙarfe, sannan a zuba kankare. Kankare na ɗaukar kwana 28 kafin ƙarfinsa ya cika, kuma a kwanakin farko yana son ban ruwa. Mai gaggawar cire katako don ya zuba kaya, dukiyarsa da rayukan yaransa yake sa wa a haɗari.

Mai wuta da mai famfo kuwa a kira su kafin yaɓe, don kada a fasa bangon da aka riga aka biya. Mai walda, mai tayil da mai fenti su ne na ƙarshe.

Kada mu manta da maginan ƙasa, masu tubali da azara. Masallacin Yama a jihar Tawa, aikin Falke Barmu, ya ci kyautar Aga Khan a 1986.

Shawararmu ga ƴan kasuwa: a yi ciniki da kowane mai sana'a daban, a rubuta, a gaban shaidu, kuma a biya gwargwadon aikin da ido ya gani.