Ƙwaƙwalwa da Motsin Rai: Bambance Aya da Tsakuwa

Maganganu uku ne suka fi yawo a bakin jama'a game da yadda ƙwaƙwalwa take gudanar da tunani da motsin rai, wato farin ciki da fushi da tsoro da makamantansu, kuma kowace daga cikinsu ta samo asali ne daga ɗan guntun gaskiya da aka yi ta yi masa ƙari.

Ta farko ita ce ɗan Adam kashi 10 cikin 100 kawai na ƙwaƙwalwarsa yake amfani da shi. Wannan kuskure ne, domin na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa sun nuna babu sashen da yake zaman kashe wando, ko da mutum yana barci. Nauyin ƙwaƙwalwar baligi kimanin kilo 1.4 ne, kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki yake ƙonawa. Gaskiyar da ke ciki ita ce ƙwayoyin jijiya, waɗanda suka kai kimanin biliyan 86 kuma su ne ke isar da saƙonni, ba sa aiki duka a lokaci guda, kuma idan da yawansu suka ɓarke da aika saƙo tare babu tsari, farfaɗiya ce ke biyo baya.

Ta biyu ita ce mutane sun kasu gida biyu, masu ƙwaƙwalwar hagu da suka iya lissafi da masu ta dama da suka iya fasaha. A shekarar 1861 likitan Faransa Paul Broca ya binciki ƙwaƙwalwar wani majinyaci da ya rasa magana in ban da kalma guda, ya tarar da lahani a gaban ɓarin hagu, kuma an tabbatar cewa a yawancin mutane wannan ɓari ne ya fi riƙe harshe. Sai dai ɓarin biyu a haɗe suke da wata gadar jijiyoyi, kuma binciken Jami'ar Utah ta Amurka na 2013, wanda ya duba hotunan ƙwaƙwalwar mutane fiye da 1,000, bai gano masu jingina ga ɓari ɗaya kacokan ba.

Ta uku ita ce motsin rai aikin tsokar zuciya ne, ƙwaƙwalwa kuma ba ta da hannu sai a tunani. Bahaushe yakan ce gabansa ya faɗi ko zuciyarsa ta tsinke, kuma abin da yake ji a ƙirjin nasa ba ƙarya ba ne, amma farkon lamarin daga ka yake. Idan manomi ya hangi maciji a kunya, wani ɗan curi a cikin ƙwaƙwalwa mai suna amigdala yakan ankarar da jiki, sinadarin adiranalin ya kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, tafin hannu ya jiƙe da gumi, sau da yawa kafin ya tantance ko macijin ne ko igiya. Tun da Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a Afirka ta Kudu a 1967, waɗanda aka yi wa irin wannan aiki sukan farfaɗo da sanin iyalinsu da ƙaunarsu. Haka kuma lahani a ƙwaƙwalwar goshi yakan taɓa hali da shawara tare, kamar yadda aka gani ga Phineas Gage, ma'aikacin layin dogo a Amurka wanda sandar ƙarfe ta ratsa kansa a 1848, ya rayu, amma likitansa ya shaida cewa haƙurinsa da iya tsara al'amuransa sun ragu a lokaci guda.