Ƙaunar Maƙiyi: Darasi Mafi Nauyi a Koyarwar Kirista

A lokacin hunturun shekarar 1569, a garin Asperen na ƙasar Holan, wani mutum mai suna Dirk Willems ya tsere daga kurkukun da aka tsare shi saboda aƙidarsa. Ya bi ta kan wani kududdufi da ruwansa ya daskare, mai gadi na biye da shi. Can sai ƙanƙara ta fashe da mai gadin, ya faɗa ruwa yana ihu. Ga hanyar tsira a buɗe, amma Dirk ya juyo ya tsamo shi. Aka sake kama shi, aka ƙone shi da ransa a watan Mayun wannan shekara. Wani zai ce wauta ce. A wurin Dirk kuwa, umarni ya bi.

Umarnin yana cikin Linjila, a huɗubar da Yesu Almasihu ya yi a kan dutse, wadda Matiyu ya rubuta a sura ta 5, Luka kuma ya kawo makamanciyarta a sura ta 6. A nan ya hori mabiyansa da su ƙaunaci magabtansu, su yi wa masu tsananta musu addu'a. Masu sauraronsa ba sa bukatar a nuna musu wane ne maƙiyi. Ƙasarsu tana hannun Romawa, haraji ya yi musu katutu, sojan Roma kuma yana iya tare talaka a hanya ya ɗora masa kaya. Irin wannan sojan ne aka ce idan ya tilasta maka tafiyar mil ɗaya, ka ƙara masa wani don raɗin kanka.

To, ta yaya za a umarci zuciya ta so wanda ya cuce ta? Da Helenanci aka rubuta Sabon Alkawari, kuma harshen yana da kalmomi daban-daban na soyayya: akwai ta abota, akwai ta jini, akwai ta sha'awa. Wadda aka yi amfani da ita a nan ita ce agape, wato nufin mutum da alheri ko da ranka bai kwanta da shi ba. Ba a ce jininka sai ya haɗu da na maƙiyinka ba. Abin da aka nema aiki ne: ka ciyar da shi in yana jin yunwa, ka shayar da shi in yana jin ƙishi, kamar yadda Manzo Bulus ya nanata a sura ta 12 ta wasiƙarsa ga Romawa. Hujjar da aka kafa kuwa ita ce halin Allah kansa, wanda rana da ruwan samansa ba sa tsallake gonar mugu.

Wannan ba ya nufin a rufe ido ga zalunci. Ranar 13 ga Mayun 1981 Mehmet Ali Agca ya harbi Paparoma John Paul na Biyu a Roma. Paparoman ya yafe masa, har ya ziyarce shi a kurkuku a watan Disamban 1983, amma Agca ya ci gaba da zaman kaso a Italiya har shekarar 2000. Yafiya ta cire ƙiyayya daga zuciya, shari'a kuma ta yi aikinta. Haka Martin Luther King ya yi a Amurka. Da aka jefa bam gidansa a Montgomery a watan Janairun 1956, jama'a suka taru a fusace, wasu da makamai. Ya fito ya roƙe su su koma gida, amma bai janye ƙauracewa motocin safa da baƙar fata suke yi ba, har sai da kotu ta haramta wariyar launin fata a motocin.

Mu ma muna da misali a ƙofar gida. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin da ya bazu zuwa Kaduna daga Zangon Kataf a 1992, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. Kowannensu yana jagorantar matasan ɓangarensa a lokacin. Da aka haɗa su a 1995, Wuye bai ɓoye ba cewa ya yi shekaru yana ɗauke da ƙullin ramuwa, har wani fasto ya faɗa masa cewa ba a wa'azin Almasihu da ƙiyayya a zuci. Shi kuwa Ashafa, huɗuba ce a kan yadda Annabi Muhammadu (SAW) ya yafe wa mutanen Ɗa'ifa ta sassauta masa zuciya. Cibiyar sulhun da suka kafa ta shiga tsakani a Yelwan Shendam bayan rikicin 2004.

Kiristoci da kansu sun yarda cewa tarihinsu cike yake da saɓa wa wannan umarni. Ai waɗanda suka ƙone Dirk ma Kiristoci ne. Hausawa sun ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, kuma shi ya sa ba ta ƙarewa: kowane mai ramuwa yana barin wani da bashin da zai biya gobe. Dole wani ya haɗiye nasa bashin kafin igiyar ta tsinke. Abin da koyarwar nan take faɗa wa mabiyinta shi ne kada ya tsaya jiran maƙiyinsa ya fara.