Sanya Ƙyaure a Tsohon Gida: Aikin Kafinta da Magini a Birnin Gwari

A yawancin tsofaffin gidajen ƙasa na Birnin Gwari, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, ƙofar zaure kaɗai ake yi wa ƙyaure mai ƙarfi, ɗakunan cikin gida kuwa asabari ko tufaniya ko labule ake rataya musu, domin tsarin gidan da kansa, daga zaure zuwa shigifa zuwa tsakar gida, shi ne ke tsare sirrin iyali. Da zamani ya sauya, kayan ɗaki suka ƙaru, matsalar tsaro kuma ta addabi yankin, sai ya zama duk mai gyaran gidan gado yana son kowane ɗaki ya samu ƙyaure mai kuba ko sakata. Sake buɗe kasuwar kara ta garin da Gwamna Uba Sani ya yi a watan Nuwamba na 2024, bayan shekaru tana rufe, ya farfaɗo da harkoki, wanda hakan kan ba magidanta zarafin waiwayar gidajen da suka lalace.

Babbar ƙa'idar wannan aiki ita ce bango ne ke yanke girman ƙyaure, saboda maginan da suka ɗora tubali da hannu ba su bi awon masana'anta ba. Ƙyauren kasuwa yakan kai tsawon mita 2.1 da faɗin santimita 75 zuwa 90, alhali ƙofar tsohon ɗaki sau da yawa gajera ce, bangonta kuma mai kauri ne daga ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa. Don haka ake auna faɗin ƙofa a sama da tsakiya da ƙasa, a yi aiki da mafi ƙanƙantar awon, sannan a saki igiya mai nauyi a gefenta don a gane inda bangon ya karkata. Idan ana son ɗaga ƙofa, wajibi ne a fara tokare azarar da ke ɗauke da ginin samanta, wato itacen giginya da aka tsaga wanda ke yin aikin da linta ke yi a ginin bulo, domin cire ta ba tokari yana iya tsaga bangon har zuwa rufi.

Daga nan sai firam, wato katakon da ke zagaye bakin ƙofa wanda ƙyaure ke rataye a jikinsa. Ƙusa ba ta kama laka, saboda haka magini kan haƙa ramuka a kowane gefe ya binne guntayen itace masu tauri da za a kafe firam ɗin a kansu, ko kuma ya gina siririn ginshiƙin bulo a gefuna biyu. Cike giɓi da siminti zalla a jikin bangon ƙasa ba ya ɗorewa, domin laka tana kumbura da danshi tana tsukewa da bushewa, siminti kuwa ba ya bin ta, sai ya ɓamɓare. Ana kuma shafe ƙafafun firam da maganin gara ko baƙin mai, a ɗora su bisa dokin ƙofa na siminti don kada su taɓa ƙasa. Ƙyaure mai nauyi yana buƙatar hinji uku, wato ƙarafan da yake juyawa a kansu, tare da tazarar kusan milimita 3 tsakaninsa da firam.

Zaɓen katako ya danganta da dajin yankin da kuma dokokinsa. Dajin Birnin Gwari yana da doka da maje da kawo da maɗaci da madobiya, kuma kafintoci sun fi yaba kawo da maɗaci saboda ƙarko, yayin da gara ke saurin cin maje. Sai dai dajin Kamuku da ke yankin, wanda aka keɓe tun 1936 kuma ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,120, haramun ne a sari itace a cikinsa, madobiya kuma ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe tun daga 2017, bayan yawan jigilarta zuwa ƙasar Sin. Wannan ya sa da yawa suke sayen falanki daga 'yan katako, ko su yi odar ƙyauren ƙarfe wurin masu walda irin na kasuwar Panteka da ke Kaduna.

Ko wane itace aka zaɓa, bushewarsa ta fi sunansa muhimmanci, domin ɗanyen katako da aka haɗa da damina yakan tsuke ya kantare idan hunturu ya shigo, wanda aka yanka daidai wa daida a watan Janairu kuwa yakan kumbura ya cije a watan Agusta. Shi ya sa gogaggun kafintoci suke jingine falanki a inuwa har ya bushe sarai, su shafa fenti a dukkan gefunan ƙyaure har da na ƙasa inda danshi ke shiga, su kuma jinkirta rataya shi har sai sabon yaɓen bangon ya gama bushewa.