Jinin Namijin Kifi: Shaidar Gurɓatar Ruwa

Idan lokacin yin ƙwai ya gabato, hantar macen kifi takan samar da wani furotin mai suna bitalojenin. Jini ke kai shi cikin ƙwan, ya zama gwaiduwar da ɗan kifi zai rayu da ita kafin ya iya neman abinci. Mai ba hanta umarnin wannan aiki shi ne istirojin, sinadarin da jikin mace ke fitarwa. Namiji ma yana ɗauke da ƙwayar halittar yin furotin ɗin, sai dai a kwance take, domin istirojin ɗin jikinsa bai kai ya tashe ta ba. Don haka in aka ɗebi jinin namijin kifi aka tarar da bitalojenin mai yawa, to wani abu daga cikin ruwa ya shige shi ya yi aikin istirojin.

A Ingila aka fara cin moriyar wannan dabara sosai, bayan an ga kifaye mata-maza kusa da wuraren tace ruwan ƙazanta. Masana, ciki har da John Sumpter na Jami'ar Brunel, suka zuba kifin turawut a keji, suka ajiye a bakin bututun da ke sako ruwan da aka riga aka tace. Sakamakon da suka buga a 1994 ya nuna cikin 'yan makonni furotin ya ninka sau dubbai a jinin mazan. A 1998 Susan Jobling da abokan aikinta suka tarar da ƙwayayen ƙwai a cikin marainan mazan kifin roach a koguna da dama na ƙasar.

Da aka bi diddigin abin da ke jawo hakan a cikin ruwan, sai aka samu istirojin ɗin da ke fita a fitsarin mutane, da na ƙwayoyin tazarar haihuwa, da nonilfenol, wanda ke fitowa daga sabulun masana'antu irin na wanke ulu a yankin kogin Aire.

Fifikon kifi a kan gwada ruwa kai tsaye a bayyane yake. Kwalbar ruwa tana ba da labarin sa'ar da aka ɗebo ta ne kawai, kuma ɗakin gwaji ba ya ganin komai sai sinadarin da ya nema. Kifi kuwa dare da rana yana cikin ruwan, jikinsa yana tara tasirin duk sinadaran a haɗe, har waɗanda ba wanda ya yi tunaninsu. Kuma kaɗan ɗin ma ya isa ɓarna. A wani tafkin bincike a Ontario ta Kanada, Karen Kidd da tawagarta sun riƙa zuba istirojin na ƙwayoyin tazarar haihuwa daga 2001 zuwa 2003, kimanin nanogiram 5 zuwa 6 a kowace lita. Nanogiram kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. Wani ƙaramin kifi na tafkin saura ƙiris ya ƙare ƙurmus.

Gwajin yana da iyaka. Yakan tabbatar an yi laifi, amma ba ya faɗin mai laifin. Wannan sai an koma ga binciken sinadaran ruwan. Kifin daji kuma yawo yake yi, shi ya sa ake son na keji, wanda aka san inda ya zauna da tsawon zamansa.

Kowace ƙasa da kifin da ya dace da ita. A Afirka ta Kudu, binciken da aka buga a 2004 ya gano mata-maza a cikin tarwaɗar wani ruwa na lardin Gauteng, irin tarwaɗar da ake kamawa a kogunanmu, ake kuma kiwo a gidajen gona.