Gilashin da ke gida shi zai zaɓa mana kyamara

Da yawa daga cikinmu muna da tsohon gilashin kyamara a gida, na baba ko na wani yaya da ya taɓa ɗaukar hoton biki, amma ita kyamarar ta mutu. Wani lokaci ma kulob ɗin 'yan jarida na makaranta ne ya gaji gilasai, babu inda za a ɗaura su. Sabuwar kyamara ta fi ƙarfin aljihun ɗalibi, sai dai ta hannu. Kafin mu tambayi kuɗi, mu fara karanta abin da aka rubuta a jikin gilashin.

Kowane kamfani da irin bakin da ake ɗaura masa gilashi. Na Canon ba ya hawa Nikon. Ko a cikin Canon ɗin, tun 1987 suka koma bakin EF, don haka tsofaffin gilasai masu alamar FD ba sa shiga. Mai alamar EF-S kuwa zai hau 600D, amma ba zai hau 5D ba.

Nikon ta riƙe bakin F tun 1959, sai dai akwai tarko. Ƙananan kyamarorinta irin D3100 da D5100 ba su da injin saita hoto a jikinsu. Tsohon gilashi mai alamar AF-D zai hau, zai ɗauki hoto, amma da hannu za mu riƙa murɗa shi har hoton ya fito sarai, kuma a filin ƙwallo wannan wahala ce. D90 ta 2008 da D7000 ta 2010 suna da injin. A ganinmu, mai irin wannan gilashi gara ya ɗauki D90, ko da yake megafiksel 12 gare ta. Ya isa mujallar makaranta har da ƙari.

Ranar ciniki mu tafi da gilashinmu da katin ajiya, mu gwada a gaban mai kaya. Mu tambayi yawan hotunan da kyamarar ta ɗauka, domin ƙananan kyamarori galibi an gina su ne don kimanin 100,000. Sannan mu ƙanƙance ƙofar haske zuwa f/16, mu ɗauki farin bango: ɗigo-ɗigon da suka fito ƙura ce a kan sensa, aikin hunturu. Ƙura tana goguwa, amma karce ba ya fita.

Batir da caja kuma a sa su cikin ciniki tun farko. In batir ya kumbura, a rage kuɗin sabo.